Tumatir a Cikin Dusar Kwakwa: A Ruwa Kuskuren Yake ko a Taki?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar shuka a cikin dusar ɓawon kwakwa, wadda masu sayar da kayan lambu suke kira kokofit. Makonni biyar ke nan da na dasa tumatir ashirin da attaruhu goma a ledojin shuka a bayan gidana, saboda shekara biyu a jere tumatirin da nake dasawa a ƙasar filin yana yaushi ya mutu da zarar ya fara fure. Na sayi dunƙule biyar masu kilo 5, na jiƙa su a baho har suka kumbura, na cika ledojin, na yi dashe. Makonni biyun farko shukar ta yi kore shar. Yanzu kuwa ganyen ƙasa ya fara yin rawaya a tsakanin jijiyoyinsa, alhali jijiyoyin suna nan kore, bakin wasu ganyayen kuma ya bushe kamar an kanga su a wuta. Ina ba su ruwa bayan kwana biyu, domin mai shagon ya ce dusar tana riƙe ruwa, sannan duk mako ina barbaɗa takin zamani na NPK 15-15-15 a gindinsu kamar yadda na saba yi a gona. Don Allah a nuna mini inda na kauce.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Kafin in ce komai, ina so ka amsa mini tambaya biyu. Bayan dusar ta kumbura, ka wanke ta ka tsiyaye ruwan, ko kai tsaye ka zuba ta a leda? Ruwan da kake ba su kuma na famfo ne, na rijiya ne, ko na burtsatse?

Baban Ummi:
Ban wanke ta ba, Malam, domin babu wanda ya gaya mini ana wankewa. Ruwan kuwa na burtsatsen unguwarmu ne, kuma yana barin farin abu a gindin butar shayi.

Malamin Gona:
To, ruwa ba ya tsami banza. Tushen matsalarka shi ne ka ɗauki dusar kwakwa a matsayin ƙasa, alhali kamanni ne kawai ya haɗa su. Ƙasar gona tana da ajiyar abinci a jikinta, shi ya sa za ka iya sa taki yau ka dawo bayan mako uku. Dusar kwakwa ba ta da wannan ajiyar; aikinta ta riƙe saiwa, ta riƙe ruwa da iska, abincin kuwa sai wanda ka narka a ruwa ka kawo. Saboda haka a wannan tsarin ban ruwa da sa taki aiki ɗaya ne, kuma duk ranar da ka zuba ruwa zalla, ka bar shukar da yunwa a wannan ranar.

Abu na biyu ya shafi asalin dusar. Mafi yawan wadda ke yawo a kasuwannin duniya daga Indiya da Siri Lanka take fitowa, kuma kwakwa bishiyar gaɓar teku ce, ɓawonta yana ɗauke da fotasiyam mai yawa, da sodiyam da kilorayid, wato sinadaran gishirin miya. Dusar tana riƙe da fotasiyam da sodiyam a jikinta, amma ta fi son kalsiyam da magnisiyam. Idan ka kawo mata ruwa mai ɗauke da waɗannan biyun, sai ta kama su ta riƙe, ta sako wa saiwa waɗancan. Ga shi kuma takin da kake barbaɗawa naitirojin da fosfaros da fotasiyam ne, wato kana ƙara fotasiyam a kan wanda ya riga ya yi yawa, shi kuwa idan ya yi yawa yana hana saiwa ɗaukar magnisiyam. Rawayar da ka kwatanta a tsohon ganye, jijiya kore tsakaninta rawaya, alamar ƙarancin magnisiyam ce, ƙonewar bakin ganye kuma alamar gishiri ne ya taru. Abin da nake jiye maka ya fi wannan: idan aka ci gaba a haka, 'ya'yan farko za su fito da baƙin tabo a ƙasansu ya lotsa ciki, wanda ƙarancin kalsiyam da ban ruwa marar tsari suke haddasawa.

Maman Sadik:
Ina so in ƙarfafa maganar Malam a kan ban ruwa, domin renon iri a faranti nake yi ina sayar wa 'yan lambu, kuma dusar nan nake amfani da ita. Gaskiya ne tana riƙe ruwa, amma wannan magana rabin bayani ce. Idan dusar ta fara bushewa, ruwan ne kaɗai yake tafiya, gishirin takin yana nan a wurin, sai ɗan ruwan da ya rage ya yi kauri kamar miyar da ta daɗe a wuta. Saiwa ba ta iya jan ruwa daga irin wannan, shi ya sa za ka taɓa dusar ka ji da ɗan danshi amma shukar tana yaushi.

Na gani da idona a hunturun bara. Na yi tafiyar kwana biyu na bar faranti goma sha biyu na tattasai a hannun yara, suka tsallake ban ruwan yini ɗaya, iskar hunturu kuma ta yi aikinta. Da na dawo na tarar saman dusar ya tashi daga launin ƙasa-ƙasa mai duhu ya koma fari-fari, gefen kowane rami ya yi farin ɓawo kamar kanwa, dusar ta janye daga jikin faranti har ana iya zura tsinke. Da na zare tsiro ɗaya, bakin saiwar da ya kamata ya zama fari tas ya koma ja-ja. Kusan rabi ban same su ba. Tun daga ranar na daina jiran dusa ta bushe kafin in ba ta ruwa. Shuka mai mako biyar a wannan yanayin na hunturu kullum take buƙatar ruwa, in ta girma ta fara 'ya'ya kuma sau biyu ko uku a yini.

Alhaji Na-Lambu:
Jama'a, ina karanta bayananku, kuma ban ƙi su ba, amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Shekara talatin ina noman rani a yankin Kadawa na Jihar Kano, kuma tumatirin da ake lodawa a manyan motoci zuwa Kudu ba a cikin ɓawon kwakwa ake noma shi ba. Bawan Allah ya zo da ledoji talatin a bayan gida, ana neman a ɗora masa sayen takin da sai manyan shaguna, da na'urorin awo, da ban ruwa sau uku a yini. Yaushe zai fita neman abinci? Shawarata ita ce ya zazzage ledojin, ya gauraya dusar da ruɓaɓɓen takin shanu da ɗan jigawa da ƙonannen ɓuntun shinkafa, ya mayar, ya ci gaba da NPK ɗinsa kaɗan-kaɗan. Takin gargajiya yana ɗauke da duk ƙananan sinadaran da kuke lissafawa, kuma yana yafe wa mai koyo kuskurensa.

Malamin Gona:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Haɗin da ka ambata yana aiki, ni ma ina ba masu shuka a buhu shawararsa, kuma gaskiyarka ce cewa yana jure kuskuren mai koyo. Inda na tsaya shi ne dalilin da ya raba Baban Ummi da ƙasa tun farko. Tumatirin da ke yaushi ya mutu daidai lokacin fure, shekara biyu a wuri ɗaya, yawanci cutar da ke zaune a cikin ƙasa ce take kashe shi, ko dai ƙwayar cutar da ke toshe hanyoyin ruwa a cikin kara, ko tsutsar nan da ido ba ya gani mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Idan ya ɗebo jigawar filinsa ya zuba a leda, ya ɗauko cutar da ya guje wa ya kai mata shukar har gida. Sannan shuka mai mako biyar ta riga ta baza saiwa a ledar, zazzage ta yanzu zai mayar da ita baya ƙwarai.

Alhaji Na-Lambu:
Na yarda da batun zazzagewa, wannan kam lokacinsa ya wuce. Amma batun cuta yana da magani: ana turara ƙasa da zafi, ko a lulluɓe ta da farar leda a ranar bazara na makonni. Ni dai damuwata ita ce kada a koya wa matasa noman da duk kayansa sai an shigo da su daga waje, ranar da kuɗin waje ya tashi sai lambun ya tsaya.

Maman Sadik:
Baba Alhaji, wannan damuwar taka gaskiya ce, ni ma tana taɓa aljihuna. Sai dai muna da kwakwa a ƙasar nan, musamman a yankin Badagiri na Jihar Legas, kuma ana samun dusar gida a kasuwa. Kowace iri mutum ya saya, wankewar ce dai ba a tsallakewa. Kuma ƙonannen ɓuntun da ka ambata ina haɗa shi da dusar, kashi ɗaya cikin huɗu, yana rage mini kuɗi yana kuma ƙara wa saiwa iska.

Ɗan Samaru:
Da izinin manya, ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar ƙasa, ina so in kawo lissafi domin Baban Ummi ya san abin da zai auna. Takin kalsiyam naitiret yana ɗauke da naitirojin kashi 15.5 cikin ɗari da kalsiyam kimanin kashi 19, saboda haka giram 1 a lita ɗaya yana ba da kalsiyam kusan miligiram 190, wanda ya yi daidai da buƙatar tumatir mai 'ya'ya. Magnisiyam salfet, wanda ake sayarwa da sunan gishirin Epsom, yana da magnisiyam kusan kashi 10, rabin giram a lita yana ba da kimanin miligiram 50, kuma ya wadatar. Sauran abincin, wato fotasiyam da fosfaros da ƙananan sinadarai irin su ƙarfe da zinki da boron, sai a samo su daga takin da aka rubuta a jikinsa cewa yana narkewa gaba ɗaya a ruwa. NPK na buhu an yi shi ne domin ƙasar gona, yana barin guggubi idan an jiƙa shi, ba a kuma haɗa shi da nufin ya zama cikakken abinci shi kaɗai ba. Yuriya ma, duk da naitirojin ɗinta kashi 46 ne, sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta tukuna, don haka ba a dogara da ita a sabuwar dusa.

Game da awo, na'urar EC tana nuna kaurin gishirin da ke cikin ruwa. Ƙaramin tsiro yana son 1.0 zuwa 1.5, tumatirin da ya girma kuma 2.0 zuwa 3.0, attaruhu ya fi son kaurin da ya ɗan gaza na tumatir. Ma'aunin tsami na pH ana so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, an fi so kusa da 6.0. Ina jan hankali a kan na'urorin da ke rubuta kaurin da wani ma'auni da ake kira ppm, domin wasu suna ɗaukar EC 1.0 a matsayin 500, wasu 700, sai mutum biyu su auna bokiti ɗaya su sami lamba daban su yi ta musu. A wannan zauren ya fi kyau mu riƙa magana da EC.

Maman Sadik:
Ɗana Ɗan Samaru ya manta gargaɗi ɗaya, kuma ni na biya kuɗin koyonsa. Kada a zuba kalsiyam naitiret da gishirin Epsom ko takin fosfaros a ɗan ruwa kaɗan wuri ɗaya da nufin a yi haɗi mai kauri a ajiye. Na taɓa yi a bokitin fenti, kafin in juya baya ruwan ya yi fari kamar nono, da safe na tarar da farin abu kwance a gindi kamar gasarar koko. Wannan abin da ya kwanta shi ne abincin shukar, ya zama dutsen da saiwa ba za ta iya sha ba. Kowanne a narka shi a mazubinsa, a cika babban duro da ruwa, a zuba na farko a juya sosai, sannan a zuba na biyu.

Sabon Shiga:
Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna. Duk lokacin da na nemi bayanin dusar kwakwa a YouTube, yawancin bidiyon da ke fitowa na masu noman tabar wiwi ne a Kanada da wasu jihohin Amurka, kuma suna da jadawalin taki mako-mako. Shin za a iya bin jadawalinsu a kan tumatir da tattasai?

Malamin Gona:
Dalilin yawansu shi ne Kanada ta halatta wannan shuka a 2018, wasu jihohin Amurka ma sun halatta, kamfanonin taki kuma suka bi su da talla. A nan ƙasar noman ta laifi ne babba da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA take kamawa a kai, kuma ba shi ne abin da ya tara mu ba. Halin dusar dai ɗaya ne ko'ina, don haka abin da suke faɗa na wankewa da hana ta bushewa gaskiya ne. Jadawalin kuwa kada ka ɗauka. An tsara shi ne domin wata shuka daban, a ɗaki mai fitila da na'urar sanyaya iska, da ruwan da aka tace aka cire masa komai. Mu a nan rana ce da iskar hunturu, shuka tana shan ruwa da yawa, kuma duk lokacin da shan ruwa ya ƙaru, sassauta kaurin taki ake yi a ƙara yawan ban ruwa. Wanda ya bi lambobinsu a watan Afrilu zai ƙone shukarsa.

Baban Ummi, ga abin da za ka yi gobe da safe. Ka kwashe ƙwayoyin NPK da suka rage a saman ledojin da hannu. Ka tabbata kowace leda tana da huji a ƙasa, ka ɗora ta a kan bulo ko katako domin kada ta zauna cikin ruwan da ta zubar ta sake shanye shi. Ka haɗa ruwan taki mai rabin ƙarfin da Ɗan Samaru ya lissafa, ka zuba wa kowace leda a hankali kimanin ninki biyu na girmanta, har ruwan ya ratsa ya fita da gishirin da ya taru. Na ce da ruwan taki ba ruwa zalla ba, domin dusar ta sami kalsiyam ɗin da za ta cika cikinta da shi ta daina ƙwace na shukar. Daga nan kullum ka ba su ruwan taki bayan rana ta ɗan ɗaga, ka ƙara da azahar idan ledar ta yi sauƙi a hannu, ka daina kafin magariba domin kada saiwa ta kwana a jiƙe sharkaf. Kowane ban ruwa ka bari kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ya fita ta ƙasa. Wannan ruwan ba asara ba ne, shi ne yake wanke ledar.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Idan kuɗina bai kai na'ura biyu ba, wace zan fara saya?

Ɗan Samaru:
Ka fara da ta EC, ta fi araha kuma ba ta cika lalacewa ba. Na pH akwai ruwan gwaji mai sauya launi da takardar gwaji, suna isar mai leda talatin. Farin abin da ka ce yana kwanciya a butarka alama ce ta ruwa mai nauyi, irinsa yana tura pH sama, idan ya haura 7 kuma shuka ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai ka ga sabon ganyen sama ya fito rawaya, saɓanin naka na yanzu da ya fara daga ƙasa. Ana sauko da shi da asid ɗin fosforik ɗigo-ɗigo bayan an gama haɗa taki, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan asid ba, da safar hannu, nesa da yara. Duron ma ka ajiye shi a inuwa a rufe, domin ruwan da ya yi zafi iskar cikinsa tana raguwa.

Baban Ummi:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana goma sha biyu da rahoto. Na sami na'urar EC. Ranar da na yi wankin, ruwan farko da na tara a faranti a ƙarƙashin leda ya nuna 5.2, launinsa kuma kamar shayin da ba a sa madara ba. Yanzu ina zuba 2.0, abin da ke fita yana nuna 2.5. Sababbin ganye sun fito kore masu faɗi, tumatir goma sha shida sun yi fure, huɗu dai har yanzu suna baya. Tsofaffin ganyen da suka yi rawaya ba su dawo ba. Shin in cire su? Kuma akwai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe da suke tashi daga saman dusar idan na taɓa leda.

Malamin Gona:
Madalla. Tazarar rabin maki tsakanin abin da ka zuba da abin da ya fita daidai ne. Ranar da ta kai maki ɗaya ko fiye, ka ƙara yawan ruwan da ke fita. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya komawa kore, sabon ganye ake dubawa. Ka riƙa cire biyu-biyu daga ƙasa da safe, kada ka yi wa shukar tsirara a rana ɗaya. Ƙudajen kuma danshin saman dusa suke bi su yi ƙwai, tsutsarsu tana cin ƙananan saiwoyi. Kada ka ce za ka busar da ledar domin ka kore su, za ka koma gidan jiya. Ka rufe saman da yashi mai tsabta wanda aka wanke aka shanya, ka rataya takardar danƙo mai launin rawaya kusa da su. Ka kuma riƙa duba ganye saboda tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016, domin ita ta sama take zuwa, dusar kwakwa ba ta kare ka daga gare ta.

Alhaji Na-Lambu:
Na yi murna da shukarka ta farfaɗo, Baban Ummi, amma har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, kuma gani ya kori ji. Idan za ka yi sabon dashe, ka ware leda biyar ka yi musu haɗina da ƙasar da aka turara, biyar kuma dusa zalla, iri ɗaya, rana ɗaya. Ka rubuta duk abin da ka kashe a kan kowane ɓangare, har da lokacin da kake ɓatawa wajen haɗa ruwa, sannan ka auna abin da ka tsinka a sikeli.

Baban Ummi:
Na karɓi wannan, Alhaji. Akwai dunƙule ɗaya da na ƙaro, a wannan karon zan wanke shi har ruwan da ke fita ya sauka ƙasa da 1.0, in jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan kalsiyam naitiret, in sake ɗauraye shi kafin in cika ledojin. Maman Sadik, don Allah ki ajiye mini tsiro goma na tumatir daga faranti ɗaya, zan aiko a karɓa ranar Asabar.